Me Ya Hana Samari Zuwa Asibitin Matasa?

Ma'aikacin jinya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga ya dace in kawo ta nan, tunda a cikinmu akwai iyaye da malamai da likitoci da su kansu matasan. Shekara 9 ke nan ina aiki a cibiyar kula da lafiyar matasa, kuma duk ranar da na leƙa wurin jira, 'yan mata nake gani sun cika benci, samari kuwa sai ɗai-ɗai. Wanda ma ya zo, akwai yadda yake zuwa. Zai wuce ƙofar sau biyu yana duba wayarsa kamar wanda ke jiran wani, sai ya ga wuri ya yi shiru, an kusa tashi, sannan ya shigo. Idan na tambaye shi abin da ke tafe da shi, sai ya ce kansa ne ke ciwo. In auna zafin jikinsa, in auna jininsa, in rubuta masa magani, ya miƙe, sai ya kama marfin ƙofa sannan ya juyo ya ce, “Af, akwai kuma wani ɗan abu.” Wannan ɗan abun shi ne ya kawo shi, kuma sau da yawa ya yi wata biyu ko uku yana fama da shi. Tambayata ita ce, me ke hana su zuwa da wuri, kuma waɗanda ke zuwa, me ya kawo su?

Malamin makaranta:
Wa'alaikumus salam. Malam, ni a ganina amsar ba ta da nisa, tana cikin tarbiyyar da muke yi wa 'ya'ya maza. Tun yaro yana ƙarami, idan ya faɗi ya kuje gwiwa, abin da yake ji shi ne ya tashi ya share hawaye, namiji ba ya kuka. Ya girma da wannan a kunnensa shekara goma sha, sannan rana ɗaya mu ce ya je ya zauna gaban baƙo ya faɗi inda ke masa ciwo. Na koyar da yara maza fiye da shekara 20, kuma na sha ganin yaro yana rawar ɗari da zazzaɓi a aji amma ya rantse lafiyarsa ƙalau, don kada abokansa su ce rago ne. Girman kai ne da muka shuka da hannunmu, kuma ko da za a gina asibitin da zinariya ba za su zo ba sai an gyara wannan.

Ɗalibi, shekara 21:
Baba Malam, da girmamawa, ina neman izini in ɗan saɓa maka. Abin da ka faɗa akwai shi, amma ni na taɓa zuwa, kuma abin da ya kore ni daban ne. Ina ɗan shekara 17 na fara jin zafi idan ina fitsari. Na yi mako biyu ina ƙarfafa zuciyata kafin na tafi. Da na shiga, duk hotunan da ke jikin bango na mata masu juna biyu ne da jarirai da kwalayen ƙwayoyin tazarar haihuwa. Mutanen da ke zaune duk mata ne, kuma kowacce ta ɗago ta dube ni. Na isa wurin yankar kati, matar da ke wurin, ba tare da ta ɗago kai ba, ta tambaye ni da ƙarfi, “Me ke damunka?” Tsakanina da benci na farko bai fi taku uku ba. Na ce mata na yi ɓatan hanya ne, na fita. Daga nan kantin magani na nufa, na ce wani abokina ne ba shi da lafiya, aka ba ni ƙwayoyi, na sha na kwana uku, da zafin ya lafa na daina. Ni da na taka da ƙafata har cikin wurin, ba za a ce girman kai ne ya hana ni ba.

Likita:
Ƙanena, na gode da ka faɗi wannan a fili, domin labarinka ya taɓo tushen maganar. Yana da kyau mu tuna yadda aka fara irin waɗannan cibiyoyi. A Ingila, Helen Brook ta buɗe cibiyarta ta ba matasa shawara a 1964, kuma babban abin da ke gabanta shi ne 'yan matan da ba su da aure waɗanda sauran asibitocin tsara iyali ba sa karɓa. A Suwidin an buɗe asibitin matasa na farko a garin Borlänge a 1970, kuma har yau ungozomomi ne ƙashin bayan aikin a can. Ƙasar ta yi suna wajen kula da lafiyar matasa, amma duk da haka mafi rinjayen masu zuwa asibitocin nata 'yan mata ne, samari kaso ne kaɗan. Ke nan matsalar ba ta tsaya ga ƙasa mai talauci ko mai arziki ba. An gina gidan ne tun farko a kan cikin da ba a shirya masa ba, aka ɗauki ma'aikata a kan haka, aka horar da su a kan haka, sannan daga baya aka rubuta a allo cewa na kowa ne. Ko a taron duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994, inda aka yi maganar jawo maza cikin harkar lafiyar haihuwa, an fi kallonsu a matsayin abokan zaman mata da ya kamata su ɗauki nauyi, maimakon marasa lafiya masu nasu buƙatun.

Akwai kuma abin da halitta ta tsara. Yarinya da ta balaga tana da dalilin da ke maido ta asibiti a kai a kai: ciwon mara, rikicewar al'ada, ƙarancin jini, daga baya awon ciki. Tana sanin ƙofar, ta san fuskokin ma'aikatan, ta saba da a tambaye ta game da jikinta. Yaro kuwa daga allurar rigakafin yarinta, yana iya yin shekara goma bai sake zama gaban ma'aikacin lafiya ba sai dai idan ya karye ko ya yi hatsari. Ranar da zai koma, to da abin da ya fi jin kunyarsa a duniya zai fara.

Abin da ke hana ni barci shi ne cewa wasu daga cikin cututtukan samari ba sa jira. Akwai murɗewar jijiyar maraina, wadda ta fi samun yara tsakanin shekara 12 zuwa 18. Jijiyar da ke kai jini ga ƙwayar maraina ce ke murɗewa, ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya, sau da yawa cikin dare, wani lokaci da amai, wani lokaci yaron ya ce mararsa ce kawai ke ciwo. Idan aka yi aiki cikin kimanin awa 6, galibi ana ceto ƙwayar. Idan aka kwana aka wuni, galibi sai dai a cire ta. Na taɓa karɓar yaro ɗan shekara 15 da ya kwana biyu yana juyi a kan katifa, ya gaya wa mahaifiyarsa cewa ƙwallo ce ta buge shi a cinya. Da muka buɗe, ƙwayar ta riga ta yi baƙi.

Uwar samari uku:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Likita, wannan labari ya tayar mini da hankali, domin ƙaramin ɗana shekararsa 14. Amma ku ba ni dama in faɗi abin da ke zuciyar iyaye da yawa, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ni ban taɓa tura 'ya'yana irin wannan wuri ba, kuma dalilina shi ne ban san abin da za a gaya musu a bayan idona ba. Na ji ana cewa ana riƙe wa yaro sirri, ko uwarsa ba za a gaya wa ba. Ni na ɗauki cikinsa, ni nake kwana a kansa idan ba shi da lafiya, yaya za a ce wani ya san abin da ke damunsa ni ban sani ba? Idan ya faɗa wata hanya marar kyau, wa zai tsawata masa idan an ɓoye mini?

Ma'aikacin jinya:
Hajiya, tambayarki tana kan hanya, kuma ba na so in amsa ta da wasa. Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, alal misali, tun hukuncin da aka yanke a shari'ar Gillick a 1985, likita na iya ba wanda bai kai shekara 16 ba shawara da magani ba tare da yardar iyaye ba, muddin ya tabbatar yaron ya fahimci abin da ake magana a kai. Wasu ƙasashen kuwa sai da sa hannun iyaye. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji 8 na ingancin kula da lafiyar matasa, kuma a cikinsu akwai kiyaye sirri, akwai kuma neman goyon bayan iyaye da al'umma. An haɗa su biyun ne saboda ɗaya ba ya tsayawa ba tare da ɗayan ba.

Abin da nake yi a aikace shi ne, tun kafin yaro ya buɗe baki nake gaya masa cewa abin da zai faɗa zai tsaya a ɗakin nan, sai fa idan na ga rayuwarsa ko ta wani tana cikin haɗari, ko wani yana cutar da shi. A nan dole in nemi taimako, kuma zan gaya masa kafin in yi. Bayan mun gama, kusan kullum nakan tambaye shi wa yake ganin zai iya gaya wa a gida. Da yawa suna cewa mahaifiyarsu, sai dai ba su san ta inda za su fara ba, kuma wasu sukan roƙe ni in kira ta mu yi maganar tare. Hajiya, yaron da bai amince zai samu rufin asiri a wurinmu ba, ba ke zai je ya gaya wa ba. Wayarsa zai tambaya, ko abokinsa da bai fi shi sani ba.

Uwar samari uku:
Na ji bayaninka, ɗana, kuma ya ɗan kwantar mini da hankali, ko da yake har yanzu zan fi so a ce ni ce ta farko da zai tunkara.

Matashi mai aikin hannu:
Salam. Ni ban yi dogon karatu ba, amma ina so in ƙara abu ɗaya da ban ga an ambata ba, wato lokaci. Ana buɗe asibitin da safe bayan na fita aiki, a rufe kafin in tashi. Idan zan je, sai na nemi izinin maigidana, kuma zai tambaye ni me ke damuna, ga shi ranar da ban yi aiki ba babu abin da zan samu. In je kuma in bi layi rabin yini, wataƙila a ce in dawo gobe karɓar sakamakon gwaji. Mai kantin magani kuwa yana nan har dare, ba ya yankar kati, ba ya rubuta sunana, minti biyar na gama. Na san ba daidai ba ne, amma duk wanda ke ci daga guminsa na yau zai fahimci lissafin.

Likita:
Lissafinka a fili yake, ɗan'uwa, kuma laifin tsarin aikinmu ne da muka ɗauka kowane matashi ɗan makaranta ne. Sai dai ina so ka san abin da ke cikin wancan minti biyar ɗin. Zafin fitsari ko fitar ruwa daga gaba na iya zama ciwon sanyi, na iya zama kilamidiya, wadda ita ma ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, na iya zama wani abu daban, kuma maganin kowanne daban ne. Ƙwayar cutar ciwon sanyi ta riga ta bijire wa magunguna da dama da a da suke kashe ta, kuma shan maganin da bai dace ba, ko yanke shi a tsakiya kamar yadda ƙanenmu ɗalibi ya yi, yana cikin abin da ke ƙara mata taurin kai. Kilamidiya kuwa sau da yawa ba ta nuna wata alama ko kaɗan, mutum yana yawo da ita yana jin kansa garau, har ya kai ta ga matar da zai aura, ta toshe mata hanyar ƙwai, a zo ana neman haihuwa ana ɗora mata laifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace rana ana kamuwa da irin waɗannan cututtuka masu warkewa fiye da miliyan 1 a duniya.

Mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa:
Na bi muhawarar tun daga farko, kuma na lura duk mun karkata ga abin da ke ƙasan cibiya, alhali wannan karkatar ita kanta tana cikin abin da ke korar samari. Idan sunan wuri ya fita a matsayin inda ake zuwa saboda ciwon sanyi, to duk wanda aka gani a ƙofarsa an riga an yanke masa hukunci. Saurayin da damuwa ta hana shi barci wata uku ba zai yarda a gan shi a can ba.

Ga shi kuwa nan ne asarar ta fi yawa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan 1 cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Mutane fiye da 700,000 ke kashe kansu a kowace shekara, maza sun ninka mata fiye da sau biyu a cikinsu, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29. Saurayi ba kasafai yake cewa yana cikin baƙin ciki ba. Abin da za a gani shi ne saurin fushi, faɗa da kowa a gida, kwana a kan waya, barin karatu, tuƙin ganganci, ko fara shaye-shaye. Mu kuma sai mu kira shi ɗan iska ko marar jin magana, mu kai shi inda za a hukunta shi. Wani saurayi ya taɓa zama a gabana kusan rabin awa yana murza hular da ke hannunsa, bai ce komai ba sai “ba na iya barci.” Sai a zama na uku ya gaya mini cewa tun rasuwar mahaifinsa babu wanda ya tambaye shi yadda yake ji, kowa cewa yake yi yanzu shi ne babba, ya daure. A Ostireliya an kafa cibiyoyin headspace a 2006 domin 'yan shekara 12 zuwa 25, aka haɗa lafiyar ƙwaƙwalwa da ta jiki da maganar shaye-shaye da shawarar karatu da aiki a ƙarƙashin rufi ɗaya. Hikimar da na gani a ciki ita ce, wanda ya ga ka shiga bai san wanne daga ciki ya kai ka ba.

Malamin makaranta:
Na karɓi gyara, musamman daga ɗana ɗalibi, kuma na yarda na yi gaggawar ɗora komai a kan girman kai. Amma ba zan janye gaba ɗaya ba. Labarin saurayin da aka ce ya daure bayan rasuwar mahaifinsa, ai maganata ce ta dawo ta wata ƙofa. Kuma ina so mu iyaye maza mu tambayi kanmu, yaushe rabon da ɗanka ya ga ka je asibiti da ƙafarka ba tare da an ɗauke ka ranga-ranga ba? Ni kaina sai da hawan jini ya kayar da ni a bakin allo sannan na yarda aka auna ni. Yaro yana kallon wannan. Ana iya gyara benci da hotunan bango cikin mako guda, amma abin da ya koya daga ubansa zai bi shi har cikin ɗakin likita.

Ɗalibi, shekara 21:
Gaskiya ne, Baba. Tunda Malam ma'aikacin jinya ya tambayi abin da ke kawo waɗanda suke zuwa, bari in ƙarasa labarina. Bayan wata huɗu ciwon ya dawo. Abin da ya fi tsorata ni a lokacin shi ne labarin da ke yawo a tsakaninmu cewa wani tsinke ake zura wa mutum a gaba idan za a yi gwajin. Wani abokina da ya girme ni da shekara biyu ne ya ce mini shi ya je wata cibiyar, fitsari kawai aka ce ya kawo a ɗan kwalba, kuma ya ce zai raka ni. Ya raka ni har ƙofa, ya zauna a waje. A can takarda aka miƙo mini in yi alama a kan abin da ya kawo ni, babu wanda ya tambaye ni a gaban jama'a. Wanda ya duba ni bai yi mini wa'azi ba, bai kuma yi dariya ba. Da ya ga na kasa magana sai ya ce, “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma duk abin da za ka faɗa na ji irinsa yau da safe.” Daga nan bakina ya buɗe, har na tambaye shi abubuwan da na shekara huɗu ina ɓoyewa, ciki har da ɗan kumburin da ya taɓa fito mini a nono ina ɗan shekara 14, wanda na ɗauka wata muguwar cuta ce. Ya ce yana faruwa ga yara maza da yawa lokacin balaga, kuma yakan baje da kansa. Tun daga ranar na raka abokaina uku.

Ma'aikacin jinya:
Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Abin da ka faɗa ya yi daidai da abin da nake gani: saurayi ba ya zuwa saboda sanarwa, yana zuwa ne saboda wani da ya yarda da shi ya je ya dawo lafiya. Game da jinsin ma'aikaci kuwa, kada mu ɗauka kowane saurayi namiji yake so ya gani. Da yawa sun fi sakewa da namiji idan za a duba jikinsu, amma na ga waɗanda suka fi iya faɗin damuwarsu ga mace mai shekarun mahaifiyarsu, saboda suna jin namiji zai raina su. Abin da ya kamata shi ne a tambaye shi tun a wurin yankar kati wa yake so ya gani.

Maganar ɗan'uwanmu mai aikin hannu ma tana da mafita a wasu fannonin. Rahoton da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da cutar ƙanjamau ta fitar a 2017 ya nuna cewa maza sun fi mata ƙarancin yin gwaji da fara shan magani, kuma sun fi zuwa a makare. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajin ƙanjamau da mutum zai yi wa kansa a ɗakinsa, sai idan ya nuna alama sannan ya zo a tabbatar. Mu a wurinmu mun roƙi a ba mu yamma ɗaya a mako mu kai har bayan an tashi daga aiki, kuma a wannan yammar ce nake ganin fuskokin da ban taɓa gani da safe ba, wasu da kayan aikinsu a jiki.

Uwar samari uku:
Likita, ina da tambaya ta ƙarshe kafin in tashi. Wannan ciwon na murɗewar jijiya, tunda ɗana ba zai taɓa furta mini sunan wurin ba, ta yaya zan gane?

Likita:
Hajiya, kada ki jira ya furta. Ki sa mahaifinsa ko babban wansa ya gaya masa tun yau, yana lafiya, cewa duk ranar da ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a marainansa, ko ya ga kumburi, ko ya taɓa wani ƙullutu mai tauri ko da ba ya ciwo, ya faɗa nan take ko da tsakar dare ne, kuma babu wanda zai tambaye shi me ya yi. Ƙullutun da ba ya ciwo shi ma a duba shi da wuri, domin sankarar maraina ta fi samun matasa, kuma tana cikin waɗanda aka fi samun nasarar warkarwa. Ke kuma idan kika ga yana tafiya a buɗe, yana riƙe mara yana amai, ya ƙi zama ya ƙi bayani, ki tambaye shi kai tsaye ko ciwon ya sauka ƙasa, zai iya amsa miki da kai. Idan ya gyaɗa, kada a tsaya ba shi maganin ciwo a jira gari ya waye, kada ma a nufi asibitin matasa. A wuce da shi sashen gaggawa na asibitin da ake yin tiyata, kuma kada a ba shi abinci ko ruwa a hanya saboda wataƙila a shiga da shi aiki.